Sunan da Aka Goge a Shafin Farko

"Maimaita! Don Allah maimaita, ko kunnena ne ya samu matsala!"

Auta ce tsaye a tsakiyar shagon gyaran kwamfuta. Injiniya ya ajiye sukurdireban hannunsa a hankali.

"Cewa na yi ai duk ɗaya ne, zuciyata. Aikin ƙungiya na kowa ne..."

"Na kowa!"

Kai, namiji! Shekara uku ƙungiyarsu tana haɗa Kurciya, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suna rabawa ba ko sisi, amma ba mai karɓa. Sun manna KYAUTA a kowane bango, mutane na taɓe baki suna cewa araha ba ta ado. Auta ce ta kwashe wata biyu tana bin teloli da masu kantin magani da ƙananan makarantu, har takalminta ya tsinke, kafin ta gano bakin zaren. A daina cewa kyauta. A ce wa mutum ya kawo tsohuwar kwamfutarsa da ta gaji, a tashe ta da Kurciya, shi da bakinsa zai yi musu talla. Shafi tara ta rubuta a kan wannan shiri.

Yau a taro sai ga 'Yar Kwalisa, mai zana musu fastocin talla, wadda ta daɗe tana yi wa Injiniya fari da ido, ta miƙe ta karanta shi tas da nata sunan a shafin farko. Shi kuwa Injiniya, shugaban taro, har da tafi.

"Wace doka kake karanta mana kullum?" in ji Auta. "Ka ɗauka, ka gyara, ka raba, amma kada ka goge sunan mai shi! Baƙon da bai san mu ba ya gyara layi ɗaya, sunansa na nan. Sai ni da ka ce za ka aura?"

"Auta, saurare ni..."

"Wata shida ina faɗa da Baba a kanka! Ya ce namijin da ke raba guminsa kyauta ba zai riƙe mace ba, na ce bai san ka ba. Ashe har nawa gumin za ka raba! Gobe da ya ce ka zo, kada ka zo."

Ta fice, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Washegari da la'asar sai ga sallamarsa. Auta ta ƙi fitowa, ta laɓe bayan labulen falo tana cizon leɓe. Baba, tsohon hedimasta, yana zaune gaban kwamfutarsa da ya fi shekara goma da saya, bai ko nuna masa kujera ba.

"An ce kada ka zo."

"An ce, Baba. Laifi na kawo."

Ya miƙa takardu. A ƙungiyarsu duk layin da aka rubuta yana ajiye sunan mai shi da ranar, wannan ne 'Yar Kwalisa ta manta. Shafi taran nan kaf sunan Auta ne. A sama kuma ga wasiƙar da ya aika wa kowa da safe.

Baba ya gyara tabarau ya karanta a fili. "Tun layin farko na gane aikinta ne. Na yi shiru don kada a ce shugaba ya fifita budurwarsa..."

Labule ya yi sama.

"Ka sani?! Ka sani ka tafa mata?!"

"Na sani, Auta. Tsoron bakin mutane na ji."

"Nawa bakin fa? Shi ba ka ji tsoronsa ba?"

Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki zalla. Gara a ce bai sani ba. Injiniya ya sunkuyar da kai.

Baba dai bai ɗago ba, yana ta buɗa shafi. A na uku ya tsaya cak.

"Gwaji na farko, kwamfutar Baba. Ba ya ƙaunar kayan kyauta, don haka gyara kawai na ce masa an yi a shago, ban gaya masa Kurciya aka sa ba..." Ya dubi kwamfutar, ya dubi 'yarsa. "Ke! Wato da ni aka fara? Ni da na tura abokaina bakwai shagon yaron nan, ina cika baki tawa ta fi ta jikokinsu gudu?"

"Takwas, Baba," in ji Injiniya a hankali.

"Rufe mini baki!"

Baba ya ninke takardun. Ya daɗe yana duban sa hannun da ke ƙasan wasiƙar.

"Shekara talatin ina koyarwa. Masu rubuta sunansu a kan abin yabo na gan su ba iyaka, mai rubuta nasa a kan laifinsa kuwa ban cika gani ba. Ni na janye tawa maganar. Saura mai shi."

Injiniya ya juyo gare ta, idonsa ya yi ja.

"Na kira taro jibi, ke za ki tsaya gaba. Shafin farko kuma na bar shi fari... Ki yafe mini, hasken idona."

"Wasiƙar nan a tsaye za ka karanta ta. A gaban 'Yar Kwalisa."

"A tsaye."

"Kuma ka tafa!"

"Har hannuna ya kumbura."

Ya zaro biro zai cike shafin, ta fizge.

"A'a. Na bar maka sau ɗaya, na ga yadda aka yi."

Ta danna takardar a kan teburin Baba ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, har biron ya huda takardar. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta tura masa kujera da ƙafa.

"Zauna mana. Ko sai Baba ya ce ban iya karɓar baƙo ba?"