Sunana Ba "She" Ba Ne

Da zarar Muhibba ta shigo falo da tiren shayi, sai hira ta koma Turanci. Kullum haka ake yi a gidan surukarta Hajiya Turai da ke Jabi. Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce, autarta Kauthar kuwa ko tuntuɓe ta yi da Turanci take kuka.

Ita Muhibba a Kuchigoro ta tashi, inda gudun hijira ya jefa iyayenta, boko bai samu shiga ba. Maharazu ya gan ta, ya ce ita yake so, ya kafe har aka ɗaura. Sai dai aiki ya ajiye shi a Gwagwalada, ba ya zuwa sai Juma'a. Sauran ranakun daga ita sai kicin sai bangon ɗaki. Kewa ta cinye ta, ta rame, ba mai ce mata sannu.

Maharazu ne ya sa ta a ajin manya na yamma. Rannan Malama Vivian, mai Hausar Abuja, ta buga allo.

"Noun shi ne sunan mutum ko wuri ko abu. Pronoun kuma yana tsayawa a madadin suna — he, she, her. Amma sai ka kira sunan mutum tukuna, kun ji? In ba haka ba, ba a san wa kake magana ba."

Nan take Muhibba ta tuna. She! Her! Ai waɗannan ne ke tashi duk sanda ta gifta falo. Ta laluba ta laluba, ta rasa rana guda da wani a gidan ya kira sunanta.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta kawo wa mijinta ruwa, ta tarar da shi a zaune gaban uwarsa, kai a sunkuye.

"She has tried," in ji Hajiya, "but she must go."

"Hajiya, don girman Allah..." in ji Maharazu.

Go kuwa verb ne, tun makon jiya Muhibba ta san shi. Korar ta ake yi a gaban idonta! Ta ajiye kofin, ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Hajiya, ki gafarce ni, na ji. In kin ce in tafi, ba zan yi miki musu ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Malama ta ce ba a cewa she sai an fara ambaton suna. Tun da na zo ba a ambata ba. Ki kira ni sau ɗaya kafin in fita."

Kauthar da ke zaune a gefe ta taɓe baki. "Su grammar manya! Ke kina kiran sunan Yaya ne? Ba kullum 'shi, shi' kike cewa ba?"

"Tawa kunya ce, Anti Kauthar. Shi ya san haka."

Hajiya kanta ba ta taɓa furta sunan Maharazu ba, don ɗan fari ne. Ta fi kowa sanin bambancin sunan da aka ɓoye don ƙauna da wanda aka ƙi faɗa don raini.

Maharazu ya ɗago kai. "Hajiya, in za ki ce must go, to ki sa we. Tare muke."

Hajiya ba ta ko kalle shi ba. Ta daɗe tana duban yarinyar, sannan da Hausa ta ce, "Muhibba."

"Na'am, Hajiya!"

"Tashi ki share fuskarki. Gobe me za a koya muku?"

"Adjective."

"To ki kawo littafin nan falo, ni zan duba miki."

Haƙurin Muhibba bai faɗi ƙasa ba. Jama'a, in Allah ya ba ku ilimi, kada ku yi katanga da shi tsakaninku da na gida. Wanda kuke ci a kwano ɗaya da shi, ku kira shi da sunansa.