Rigar Jarumin da Injiniya Ya Ɗinka

Auta na cikin share falo Baba ya shigo da waya a hannu, fuskar nan tasa a murtuke.

"Wannan ne Injiniyan da kike cewa zai turo magabatansa?"

Ta leƙa hoton da ke cikin wayar. Shi ɗin ne kuwa, a taron masoya littattafan zane, inda kowa ke yin shigar jarumin da yake ƙauna: jar riga har ƙasa, takobin kwali, ga gashin kanti fari fat.

"Baba, ai sha'awa ce kawai—"

"Ƙato da gemunsa yana wasan yara? Ba zan ba shi 'yata ba."

Auta ta sha kuka har ta gode wa Allah, don tana son mutumin nan ba na wasa ba. Amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Sati uku tana kai masa abinci shagonsa na ɗinki, sannan ta roƙi alfarma ɗaya tak: ya ga rigar da idonsa.

Injiniya ya zo da hantsi, ya durƙusa, ya miƙa leda. Baba kuwa shekararsa arba'in yana ɗinki. Ko kallon kwalliyar bai yi ba, ya juya cikin rigar waje.

"Wane mugun tela ne ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni... ni ne, Baba. A cikinmu, wa-wanda ya ɗinka da hannunsa ya fi daraja."

Baba ya bi ramukan allura da yatsa. "Nan an farke an sake. Nan ma. Sau nawa?"

"Hannun rigar kaɗai sau bakwai."

"Me ya yi zafi?"

"I'ina gare ni tun ina yaro. Shi ma ja-jarumin haka yake, amma bai taɓa yin shiru kan gaskiya ba. Ranar da na sa rigarsa na fara magana a gaban jama'a."

Auta na raɓe a bakin ƙofa tana saurare.

"Ɗinkinka dai abin kunya ne," in ji Baba. "Amma na koyar da mutane da yawa, in suka farke sau biyu wurgi suke yi da yadin. Turo manyanka ranar Asabar. Rigar kuma bar ta nan in gyara ta, ba za a ga surukina da karkataccen wuya ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi tana dariya da hawaye. Haƙurinta da ladabinta suka ba ta mijin da take so. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa mutum hukunci kan shigarsa, ku tambaye shi dalili.