Tsuntsun Da Ke Cikin Kumatu

Kwana huɗu ke nan Shalele ba ta ci komai ba. Shekararta takwas, ba ta tafiya, maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, ga ciwon zuciya da aka haife ta da shi. Tana zaune a kekenta a bakin taga, labule yana shafar fuskarta, kumatunta na hagu ya kumbura ya yi jawur. Da mahaifiyarta ta kawo cokali sai ta kau da kai, hawaye na zuba, ta ce, "Tsuntsu... tsuntsu..."

Mahaifiyar tela ce. Kullum idan za ta shago takan bar yarinyar wurin Gwaggo, yayar mijinta da ke zaune da su. Ranar da maigidan ya dawo daga tafiya, tun a ƙofa Gwaggo ta tare shi da kuka. "Zo ka ga marin da matarka ta yi wa baiwar Allah! Ta gaji da ɗawainiya, so take ta huta!"

"Wallahi Yaya ban taɓa ta ba..." in ji uwar.

"Rufe min baki! Har yarinya ta fara sambatu!"

Wayyo! Kafin la'asar zance ya zaga layi. Masu kawo ɗinki suka zo suka kwashe yadudukansu, zazzaɓi ya rufe Shalele, maigida kuma ya ce gobe matar ta koma gidan iyayenta, yarinya ta zauna hannun Gwaggo. Uwar ta durƙusa a bakin tagar tana kuka. "Ya Allah, Kai ne shaidata... Ka fahimtar da ni abin da 'yata take faɗa."

Tana nan zaune kamar mai mafarki, rana ta yi laushi, sai wani ɗan tsuntsu ya sauka yana caccakar gilashin tagar. Shalele ta ɗaga yatsa, ta shiga taɓa kumatunta daidai da bugun bakinsa. Uwar ta zabura. Ashe zogi take nufi! Wani abu ne yake caccakarta daga ciki!

"Ka ba ni goben nan kawai," ta roƙi mijin. "In ƙarya nake, da ƙafata zan tafi."

Washegari suka fita har da Gwaggo. Asibiti na farko da suka je, ana jin ciwon zuciya aka ce ba za a taɓa ta ba. A na biyu suka tarar da wata likitar haƙori mai sanyin murya. Ta tsuguna gaban keken, ta ba Shalele ƙaramin madubi ta riƙe, ta jira har yarinyar ta buɗe baki don kanta.

"Wannan ba mari ba ne," in ji ta. "Haƙori ne ya ruɓe har ya tara mugunya. Sai na yi magana da likitan zuciyarta, ta sha magani tukuna. Da kun ƙara jinkiri, da ya taɓa zuciyar. Amma wa yake ba ta alawa?"

"Ai an hana ta," uwar ta ce. "Safe da yamma nake goge mata baki."

Maigida ya sunkuya ya ɗauki 'yarsa, matashin keken ya biyo rigarta... sai ga ledojin alawa suna zubowa ƙasa kamar busassun ganye, korra-korra, irin wadda Gwaggo ba ta rabuwa da ita a jaka.

"Don... don ta yi shiru ne in samu in ɗan kishingiɗa," in ji Gwaggo.

"Yaya, kin sa na kusa korar uwar 'yata. Yau za ki haɗa kayanki." Ya juya ga matarsa, hawaye ya jiƙa masa gemu. "Ki yafe min, Maman Shalele."

Bayan mako biyu, Shalele na bakin tagarta, ta shanye kofin madara tas. Ta kamo hannun uwarta ta ɗora a kumatunta, ta dubi sama ta yi murmushi.

"Tsuntsu... ya tashi," ta ce.