Barewa Biyu a Cikin Ganuwa

"Malama, lafiya? Malama!"

Auta ba ta ma ji matar da ke kiranta ba. Ta riga ta zube kan gwiwoyinta cikin taɓo, a gaban ɓangaren tsohuwar ganuwar da ruwan jiya ya zubar. Ango da amaryar da ta rako yawon buɗe ido suka yi cirko-cirko a bayanta, suna kallon mai rakiyar baƙi tana shafa dutse tana hawaye.

Dutsen barewa ne!

Barewa biyu kai da kai, sassaƙar mutanen da. Dutsen da kowa a tsaunin nan ya yarda an sace tun bara waccan. Ga shi kwance, fuskarsa ta kalli sama. A saman barewar kuma wani ya karta sunanta da ƙusa, ya zana zuciya, ya sa lambar motarsa a ƙasa.

Lambar da ko daga barci aka tashe ta ta san ta.

"Wayyo Allah... ashe bai sata ba..."

Aikin Auta ke nan tun da ciwon baya ya sauko da Baba, mahaifinta, daga gadin wannan kufai: ta yanka tikiti a rumfa, ta hau da baƙi, ta nuna musu ganuwa da rijiyar dutse da dogon dutsen da ke tsaye shi kaɗai a ƙoli, su ɗauki hoto, su tafi. Mafi yawansu biyu-biyu suke zuwa. Ita ce mai riƙe musu waya, ita ce mai cewa, "Ku ɗan matso kusa." In mota ta tashi, sai ita da iska da awakin mutane.

Da ba haka ba ne. Da akwai Magini.

Hukumar kayan tarihi ce ta turo shi gyaran ganuwa, don shi ya iya irin ginin mutanen da, dutse kan dutse, babu siminti babu laka. Mutum ne mai tsadar magana. Sai ya wuni yana juya dutse ɗaya yana nema masa mazauni.

"Kai da dutsen nan, waye ya fi wani surutu?" ta taɓa tambayarsa.

"Shi. Ni ina jiran taki muryar ne, 'Yar Tsauni."

Daga ranar, in ta hawo masa da ruwan sha, sai ta daɗe ba ta sauko ba.

Amma akwai Direba, mai kawo baƙi daga gari. Shi kam baki har kunne, tsaraba har ƙofar gida. Yau maganin baya ga Baba, gobe fitila. Auta ta ce masa a'a da baki, ta ce masa a'a da fuska, shi kuwa ya ɗauka yanga ce irin ta 'yan mata.

Ranar da aka gama gyara aka nemi dutsen barewa aka rasa, Direba ne ya dafa ƙirji a tsakar gidan Baba.

"Da idona na ga Magini! Abu a buhu, a bayan babur!"

"Yana cikin ganuwa, Baba," in ji Magini. "Juya shi na yi, fuskar ta koma ciki."

"Don me?"

Magini ya kawar da kai.

"Don me, nake tambayarka!"

"Ba zan iya faɗa ba."

"To a kan maganar ɓarawo zan rushe ginin da ya girmi kakana? Fita! Kuma in sake ganin ƙafarka kusa da 'yata!"

Ta bi shi har bakin hanya. Da ta yi shiru kawai ta tsaya kusa da shi, da ya isa. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Masoyina... ka rantse min ba ka ɗauka ba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Har ke, 'Yar Tsauni?"

Ya tada babur.

Tun daga nan ba ta auri Direba ba, ba ta kuma kira Magini ba. Waya ba ta kamawa a ko'ina sai gindin dogon dutsen nan na ƙoli. Sau nawa ta hau can da yamma, ta nemo lambarsa, ta zuba mata ido, ta mai da wayar jaka? Kewarsa ta cinye ta, kunya kuma ta ɗaure mata hannu.

Yau kam ta sallami ango da amarya, ta hau ƙoli da gudu, ta danna kira kafin zuciyarta ta hana ta.

"Assalamu alaikum."

Muryar tana nan yadda take. Sai da ta dafa dutsen.

"Ganuwa... ganuwa ta faɗi."

"Wane ɓangare?"

"Ka sani."

Ta ji numfashinsa, ta ji ƙarar guduma a can bayansa. Sannan layin ya yanke. Ko shi ya kashe, ko iska ce ta ɗauke, ba ta sani ba.

Ta nuna wa Baba hoton dutsen a waya. Tsohon ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Ranar bai taɓa abincinsa ba. Direba kuwa da ya kawo baƙi ya hango dutsen kwance a ciyawa da lambar motarsa a jiki, ko juya mota bai tsaya yi da kyau ba, ya gudu. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wani direban ne ya dawo kwasar baƙin.

Sai jira.

Kullum ta share rumfa, ta zauna tana fuskantar hanya. Duk ƙarar babur sai ta miƙe ta leƙa, sai ta ga mai itace ne. Wataƙila ya yi aure. Wataƙila ya manta. In ma bai manta ba, me zai dawo yi wurin wadda ta nemi ya rantse?

Wata safiya gajimare ya sauko har kan ganuwa, babu baƙo ko ɗaya. Ta hau don ta kori awaki daga kan duwatsun, sai ta ji ƙwas... ƙwas...

Yana durƙushe, ya ja igiyar awo, yana jera duwatsun a ciyawa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Ya rame. Bai ɗago ba.

"Hukuma ce ta turo ni," ya ce.

"Na sani."

Ba ta sani ba. Ta dai ji zafin maganar har cikin ƙashinta.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya! Da ka ce ga abin da aka rubuta..."

"A tsakar gidanku? Gaban mahaifinki? Sunanki haɗe da na wani, a kan dutsen da aka ba ki amanarsa?" Ya ajiye gudumar. "Da aikinki ya tafi, da mutuncinki ya bi shi. Ni ɓarawo kawai aka ce min. Ɓarawo yana iya canza gari."

"Ni kuma na ce ka rantse..."

"Kin ce. Amma ke ko tambaya kin yi. Ni da na ga rubutun nan, zuciyata ta ce min da saninki aka yi. Ban tambaye ki ba. Na binne shi, na tafi da shi a raina."

"Da sanina? Ni?"

"Yanzu na sani, 'Yar Tsauni."

Sunan ne ya karya ta. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ta daɗe tana tarawa, shi kuwa ya tsaya da hannuwa duk ƙura, ya rasa inda zai sa su.

"Hukuma ba ta turo ni ba," ya ce a hankali. "Ko labari ba su samu ba tukuna."

Tari suka ji daga ƙasa. Baba ne, dogare da sanda, yana hawa yana hutawa, hanyar da ya daina bi tun da bayansa ya ƙi. Da ya iso sai da ya zauna a kan dutse ya mai da numfashi.

"Yaro... na ci haƙƙinka. Ka yafe min."

"Haba Baba, ya wuce."

"Bai wuce ba sai ka turo manyanka. Na tsufa, ba zan sake hawo tsaunin nan don in ba ka haƙuri ba."

Auta ta yi dariya cikin hawaye. Magini ya sunkuyar da kai, sannan ya kama gefen dutsen barewa, ya dube ta.

"Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Wancan karon sai da na kwana biyu ina jinyar ƙugu. Ina zai kalla, ciki ko waje?"

Ta dubi barewar nan biyu, ta dubi ƙazamin rubutun da ke samansu.

"Waje. Duk baƙon da ya tambaya, ni zan ba shi labari da bakina."

Ta naɗe hannun rigarta, ta kama ɗaya gefen.