Burodin Da Ba Ta Taɓa Ci Ba

"Ci," ya ce. "Yanzu, a gabana."

Auta ta kalli yankan burodin da ya ɗora a kan farar takarda, tururi na tashi daga cikinsa. Ta ɗago ta kalli Mai Burodi. Yau babu murmushin da ya saba tarbarta da shi. Gari ya yi masa fari har gwiwar hannu, fuska kuwa a haɗe.

"Masoyi, na ƙoshi fa..."

"Ban tambaye ki yunwa ba. Ci ki faɗa mini abin da na canza tun jiya."

A bayan teburin ciniki, Babbar Yaya, yayarsa da ke kula da ciniki, ta daina jera burodi a leda. Ta naɗe hannu tana jira.

Auta ta gutsura. Laushin ya narke a bakinta, zaƙin ya hau mata kai, har idonta ya kawo ruwa. Wata huɗu rabonta da burodi.

"To?"

"Ka... ka rage sukari."

Ya yi mata wani kallo da ya fi mari ciwo.

"Ban canza komai ba," ya ce. "Na jiya ne, na shekaranjiya ne. Ashe gaskiya aka faɗa mini. Ba ki taɓa cin burodina ba."

"Ai na faɗa maka!" Babbar Yaya ta tafa hannu. "Mace tana ramewa kamar ana zuƙe ta da tsinke, ta raina sana'arka, ka ce ita za ka kawo mana gida?"

Auta ta ajiye burodin. Ta juya ta tsallaka titi da gudu, wani mai mota ya taka birki yana zazzaga mata masifa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ga yadda abin ya faro.

Auta tana aiki a shagon kwafin takardu da ke daura da gidan burodin. Wata huɗu baya, jiri ya ɗebe ta a gaban injin, aka kai ta asibiti. Likita ta duba sakamakon jininta, ta cire tabarau, ta yi mata magana ba ɓoye-ɓoye.

"Ba ki kamu ba tukuna, amma kina bakin ƙofa. Akwai mai ciwon sukari a gidanku?"

"Babana."

"Yaya yake?"

"An yanke masa ƙafar hagu bara."

"To kin ga hanyar da idonki. Ki rage burodi, shinkafa, taliya, dankali, ki rabu da lemon kwalba. Ki riƙe ƙwai, kifi, nama da ganye. Ki riƙa tafiya a ƙasa. Ki dawo duk wata mu duba."

Auta ta riƙe maganar da hannu biyu. Satin farko ta sha wuya: ciwon kai, kasala, faɗa da kowa babu dalili. Ƙamshin gidan burodin nan kuwa yana shigowa shago tun safe kamar da gayya.

A cikin wannan satin ne Mai Burodi ya tsallako titi da ƙunshi a hannu, yana ta sosa ƙeya.

"Malama, ina neman mai gaskiya ta ɗanɗana mini wannan. Ma'aikatana tsorona suke ji, komai na ba su sai su ce ya yi."

Kalma biyar ta ishe ta a ranar: likita ta hana ni burodi. Ba ta faɗa ba. Ta ga dogon mutum mai kunya, ta ji gabanta ya faɗi, sai ta karɓa da murmushi. Tsoro ne ya kama ta, domin saurayinta na farko, daga ranar da ya shigo gaishe da Baba ya ga sandunan dogarawa a gefen kujera, bai sake kiran wayarta ba. Ta ce a ranta, wane mai burodi ne zai so macen da ba ta cin burodi?

Ta kai ƙunshin gida ta miƙa wa Gimbiya, 'yar ƙanwar mahaifiyarta da ke zaune tare da su tana karatu. Gimbiya ta cinye tas, ta lashe yatsa.

"Cikin ya yi, amma ɓawon ya yi tauri. Madara kuma ta yi kaɗan."

Washegari Auta ta maimaita masa kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya yi haske.

"Kai! Ke kam kin san abinci!"

Haka aka ci gaba. Kullum ƙunshi, kullum Gimbiya ta ci, kullum Auta ta kai rahoto. Ya gyara ɓawo, ya ƙara madara, ciniki ya buɗe. Hira ta tashi daga burodi ta koma kan rayuwa, daga Malama ta koma Hasken Idona. Ita kuwa tana sauke kilo bayan kilo, har tara, jiri ya tafi, likita na yaba mata. Ƙarya dai ƙarya ce ko da an yi ta da murmushi, kuma kullum sai ta nemi a ƙara mata wata. Auta ta san haka, ta ci gaba.

Ranar da aka fara zancen turo manya, Gimbiya ta shafa hoda, ta tafi gidan burodin ita kaɗai.

Bayan abin da ya faru a gidan burodin, Auta ta kasa aiki. Ta buga wa wani dattijo takardarsa a juye har sau biyu. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo. Ƙarfe huɗu ta rufe shago ta nufi gida a ƙafa, tana sauri kamar ana bin ta.

Ta tarar da Gimbiya a ɗaki tana yanke farce.

"Me na yi miki?"

"Au, har kin ji?" Gimbiya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gaskiya na faɗa, Anti. Wata huɗu ina ci, ke kina karɓar yabo. Harshen da yake so nawa ne."

"Shi ne har da cewa ina da mugun ciwo?"

"Ni cewa na yi kina ramewa, kina zuwa asibiti a ɓoye. Abin da suka fahimta, ruwansu."

"A kwano ɗaya muke ci, Gimbiya!"

"Da dai. Yanzu ai ke kabeji, ni shinkafa."

Auta ta ɗaga hannu, sai ta ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofa. Baba ne.

"Auta, zo nan."

Ta bi shi falo. Ya zauna da ƙyar, ya jingine sandunan, ya gyara naɗin wandon da ke rufe dungulmin ƙafarsa.

"Na ji komai, bangon gidan nan ba shi da kauri. Waccan zan yi maganinta. Amma ke na fi jin haushi."

"Ni, Baba?"

"Ke. Shekara shida ina ɓoye nawa ciwon. In an yi taro in sha lemo, in ci abin da kowa ya ci, don kada a ce wane ba shi da lafiya. Kunyar mutane na ji. Ina mutanen yanzu? Wa ya ba ni aron ƙafa?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta.

"Kin yi abin da na kasa, kin kame bakinki daga abinci. Sai kika sake shi ga ƙarya. Tashi ki kai masa takardar likita. In ya gudu, ya gudu da gaskiya a hannunsa."

Kwana biyu tana ɗaukar takardar tana ajiyewa. Ta rubuta saƙo a waya sau goma, ta goge sau goma. Abinci ya ƙi shiga, har ƙwan ma. Daga tagar shago ta hango Gimbiya ta shiga gidan burodin da sabon mayafi, ta daɗe ba ta fito ba.

A rana ta uku, da hantsi, ta tsallaka.

Babbar Yaya ta tare ƙofar ciki da jikinta.

"Ina zuwa?"

"Wajensa, Yaya."

"Ba ni ce yayarki ba. Ni na raini yaron nan tun yana goye, ba zan zuba ido ya auri jinya ba."

"Bar ta ta shigo," muryarsa ta fito daga ciki.

Zafin tanda ya buge ta. Yana tsaye gaban dogon tebur yana yanka ƙullu yana ɗorawa a sikeli, bai dube ta ba. Ta ajiye takardar a gefen da babu gari.

"Karanta."

Ya goge hannu, ya karanta, ya sake karantawa.

"Ciwon sukari?"

"Ban kamu ba. Gudunsa nake yi. Shi ya ci ƙafar Baba. Kwana kaɗan kafin ka fara kawo mini burodi aka hana ni shi."

"Shi ne ba za ki faɗa ba?"

"Na ji tsoro..."

"Tsoron me?"

"Kada ka daina tsallakowa."

Ya jefar da ƙullun hannunsa a kan tebur, gari ya tashi.

"Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba burodin ba ne! Kin taɓa ganina ina cinsa? Shekara goma sha biyu ina shaƙar ƙamshinsa, ko a mafarki ba na marmari. Mutum shida nake da su a nan masu ɗanɗana mini. Dalili na nema kawai in yi miki magana!"

Ta ɗago da sauri.

"Amma ke kullum sai ki kalli tsakiyar idona ki ce, na ci, ya yi daɗi. Sau ɗari da ashirin, Auta. Yanzu in kika ce kina sona, ta yaya zan san ba wata ce ta faɗa miki kika kawo mini rahoto ba?"

Wannan ta shige ta har ƙashi. Ba ta kare kanta ba.

"Na yi laifi. Ba ni da hujja. Ka yafe mini ko ka ƙi, amma wannan maganar tawa ce, babu wanda ya ɗanɗana mini ita."

"Ka ji ko?" Babbar Yaya ta leƙo. "Jinin gidansu ne. Gobe 'ya'yanka..."

"Yaya, don Allah!" Ya juyo ga Auta, murya ta sauka. "Je ki. Ina buƙatar in yi tunani."

Ta fita.

Kwana biyar babu shi, babu saƙo. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin inji da taga har mai shagon ya ce za ta huda masa daɓe. Sau biyu ta tsaya gaban mai sayar da lemo, kwalba mai sanyi na kallonta, zuciya na ce mata, don wa kuma kike wahala? Ta tuna naɗin wandon Baba, ta sayi ruwa ta wuce. Ba don namiji ta fara ba, ba za ta bari don namiji ba.

Gimbiya kuwa ta daina shafa hoda. An ce da ta sake zuwa gidan burodin, Mai Burodi ya gode mata a gaban ma'aikata, ya ce in aikin ɗanɗano take nema akwai gurbi, in wani abu ne babu.

A rana ta shida ya shigo shagon. Idonsa ya faɗa, akwai sabuwar ƙuna a bayan hannunsa. Ya dire ƙunshi a kan tebur, ya yi ƙara kamar an ajiye bulo.

"Babu fulawa, babu sukari. Garin gyaɗa, riɗi da ƙwai. Na kai wa likitarki jerin kayan, ta ce kina iya ci kaɗan. Gwaji na goma sha ɗaya ke nan."

Abin baƙi-baƙi ne, ya tsage a tsakiya. Ta gutsura da ƙyar. Ta tauna. Ta ci gaba da taunawa.

Ya ƙura mata ido, ko numfashi ba ya yi.

"To?"

Ta haɗiye, ta sha ruwa, ta dube shi. Ƙaryar na nan a bakin harshenta, mai sauƙi, mai daɗin faɗa.

"Wallahi babu daɗi," ta ce. "Kamar katifa. Gishiri ya yi yawa, tsakiyar kuma ba ta gasu ba."

Ya lumshe ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi."

Sai dariya ta ƙwace masa, ita ma ta kama, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi.

"Hasken Idona, ki gaya wa Baba manyana na nan zuwa ranar Asabar."

"Yaya fa?"

"Ta ce ba za ta zo ba. Daga baya ta tambaye ni ko a ina ake wannan awon jinin, wai ita ma ƙishirwa na damunta kwanan nan."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Babbar Yaya ta zo, fuska a ɗaure, ta zauna kusa da amarya tana leƙen farantinta, tana tambayar me ake ci, me ba a ci. Burodin gyaɗa kuwa bai yi daɗi ba sai a gwaji na talatin da huɗu, kuma duk ashirin da ukun da ta ɗanɗana kafin shi, matarsa ta faɗa masa gaskiya a fuska.