Bahago a Bakin Raga

Wayyo maraici! A kan wani dogon benci da ke barandar masaukin 'yan wasa, wani saurayi da ake ce wa Bahago yana zaune shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa, ƙofar ɗakin taro kuwa an rufe ta a kan idonsa. A ciki abokan wasansa suna tare da Koci, ana shirya yadda za a kara a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon gora ta ƙasashe, shi kuwa an ce ƙafarsa kada ta taka wurin, domin wai shi ne ya sayar da asirin ƙasarsa... Bakinsa ba ya fasa ambaton Allah.

Shi dai wannan yaro a hannun baffansa ya tashi. Mahaifinsa ɗan wasan gora ne, a fili ya cika, ranar da ƙwallo ta same shi a gefen kai wajen tare bugun kusurwa. Mahaifiyarsa ba ta jima ba ta bi shi. Baffan kuwa, wanda yanzu shi ne mai kula da kayan ƙungiya, bai taɓa duban maraya da idon rahama ba, ɗansa na cikinsa kawai ya sani, wanda shi ne Kyaftin. Da tsofaffin sandunan Kyaftin Bahago ya koyi wasa, ga shi da hagu aka halicce shi, a wannan wasa kuwa ba a sassaƙa sanda domin bahago, dole ya karya hannunsa ya koma dama. Da Allah ya ɗaukaka shi har jaridu suka fara yabonsa, sai zuciyar ɗan'uwansa ta yi baƙi ƙirin.

Abin da ya jawo masifar kuwa shi ne, a wasan farko an lallasa su, domin duk lokacin da suka sami bugun kusurwa, abokan karawa kamar an raɗa musu inda ƙwallo za ta bi. Alamun nan da hannu ake yin su, a taɓa gwiwa ko a shafi ƙeya, 'yan gida kaɗai suka san ma'anarsu. Washegari sai Kyaftin ya fito da hoto a wayarsa: ga Bahago a ɗakin cin abinci tare da wani ɗan wasan waccan ƙasa, suna ta nune-nune da hannu!

"Wallahi Koci, shi ma bahago ne irina," in ji maraya, hawaye na zuba. "Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa, naɗin mariƙin sanda kawai nake nuna masa..."

"Rufe mana baki, munafuki!" Baffa ya daka masa tsawa. "Ni na raine shi, Koci, ni na san halinsa. Tun yana ƙarami abin hannun mutane ba ya tsira daga gare shi."

Koci dattijo ne marar yawan magana. Ya ce da an gama gasa za a miƙa shi ga hukuma, in laifi ya tabbata, shi da riƙe sanda har abada. Sai dai rauni ya kwantar da 'yan baya biyu, ga shi ƙasar nan da ta lallasa su ita za su sake haɗuwa da ita, saboda haka dole a sa shi a fili, amma ba zai ƙara jin wani shiri ba. Tun daga ranar kowa ya guje shi. In ya zauna a tebur sai a ɗauke faranti a koma wani, in ya shiga mota kujerar kusa da shi ta zama kufai. Mai tsaron gida kaɗai, wani ƙato mai barkwanci, shi ke dafa kafaɗarsa a ɓoye ya ce, "Ƙanena, ci abinci mana. In ka rame wa zai tare mini ƙwallo? Ni ka ga tsoronta nake ji, shi ya sa nake sa kaya kamar katifa."

Da aka buɗe ƙofar ɗakin taro, Kyaftin ya tsaya a kansa yana murmushin mugunta. "Ɗan baffa, albishirinka. In an yi mana bugun kusurwa, kai ne mai fita farko. In ba ka ci amana ba, sai mu gani a ƙasa."

Innalillahi! Mai fita farko shi ne wanda ke rugawa kai tsaye ya tari mai bugu, ya sa jikinsa tsakanin raga da ƙwallo mai taurin dutse. A wannan gurbi mahaifinsa ya faɗi bai tashi ba, kuma Kyaftin ya sani sarai.

Ranar wasa filin ya cika ya batse, an jiƙa ciyawar roba da ruwa har tana ƙyalli. Ba a jima da farawa ba su Bahago suka sami bugun kusurwa. Bahago yana tsakiyar fili, ya hangi Koci ya kira wasu 'yan wasa biyu ya yi musu raɗa. Abin mamaki, tun kafin ƙwallo ta iso wurin mai tsayar da ita domin a buga, sai ga masu tsaron waccan ƙasa sun kwarara gefen hagu gaba ɗayansu, suka tare ta cikin sauƙi. Idanun 'yan'uwansa suka juyo kansa kamar kibau. Ya ce a ransa, shi ke nan, yau kashina ya bushe.

Duk da haka su Bahago suka samu suka jefa ɗaya a raga. Ana dab da tashi, sai alƙali ya busa, ya nuna ragarsu: bugun kusurwa! Masu tsaro suka ruga bayan raga inda Baffa ke ajiye marufan fuska na roba mai tauri. Mutum huɗu ne, marufi uku! Bahago ya lalubi jaka, ya zazzage ta, wayam. Ya ɗaga kai ya hangi baffansa a gefen fili ya harɗe hannu yana kallon sama.

"Yaya, nawa ba ya nan... don girman Allah ka ce a dakata!"

Kyaftin ya gyara nasa marufin, ya ce, "Alƙali ba ya jiran maci amana. Shiga layi."

"Kai, ka ji tsoron Allah!" in ji mai tsaron gida, amma alƙali ya riga ya ɗaga hannu.

Bahago ya tsaya a kan layi, fuska tsirara. Ya hangi mai bugun, dogo mai faɗin kafaɗa, ya sunkuya yana jira. In ya noƙe, an ce ya buɗe musu hanya da gangan, sunansa ya ɓaci har abada. In ya fita... Ya ce, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata." Aka turo ƙwallo. Ya ruga! Bai ga komai ba sai wani farin abu, sai ƙara, sai duhu.

A ɗakin jinya na filin ya farfaɗo, an naɗe masa rabin kai, likita tana cewa da ƙwallon ta sauko kaɗan da ido ya tafi. 'Yan wasa sun cika ɗakin. Bahago ya kama hannun Koci yana kuka. "Baba, ban sayar ba... ko mutuwa zan yi, kada a rubuta ni maci amana."

Dattijon ya share ƙwalla da bayan hannu. "Kwanta, ɗana. Ƙwallon ba ta shiga ba, mun yi nasara." Sa'an nan ya juya, muryarsa ta canza. "Kyaftin, matso. Shirin bugun hagu na yau, ban faɗe shi a ɗakin taro ba. Da safe na kira ka, kai kaɗai na gaya wa, sauran biyun sai a bakin fili suka ji. Wannan yaro kuwa a waje muka bar shi kamar kare. To, wa ya gaya wa mutanen can?"

Kyaftin ya dubi ubansa, uban ya dubi ƙasa. Gumi ya karyo masa, ya fara in-ina, daga bisani ya zube a kan gwiwoyinsa ya fashe da kuka, ya ce kocin waccan ƙasa ne ya yi masa alkawarin gurbi a wata babbar ƙungiya da yake horarwa, Baffa kuma shi ya ce a jingina wa maraya, tunda ba shi da mai tsaya masa. Mai tsaron gida ya cusa hannu cikin rigar sanyin Baffa, ya zaro marufi na huɗu, ya ɗaga shi sama. Ɗakin ya kaure da salati!

A ranar aka kore su daga masauki, uba da ɗa, hukuma kuma ta haramta musu kusantar filin wasa muddin ransu. Da suka zo wucewa da jakunkunansu, Baffa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Bahago. "Ɗan ƙanena... ka yafe mini."

Bahago ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan da ke buɗe. "Na yafe hakkina, Baffa. Na mahaifina da ya bar maka amana kuwa, wannan tsakaninku ne da Allah."

Ranar wasan ƙarshe likita ta hana shi buga ƙwallo, amma 'yan wasa suka rantse ba mai taka fili sai yana gabansu. Koci da kansa ya ɗaura masa kambun kyaftin a damtse. Haka maraya ya fito da naɗaɗɗen kai, yana jan tawagar ƙasarsa, dubban mutane suka miƙe tsaye suna kiran sunansa, shi kuwa hawaye ya hana shi ganin hanya, sai da mai tsaron gida ya riƙe masa hannu. Lallai wanda mutane suka rufe wa ƙofa bisa zalunci, Allah ba Ya barinsa a waje.