Lakar Ƙasan Tafki

Rana ta yi ja ta rataye a kan itatuwan kurmi, Amarya tana kwashe shanya a bayan gida, sai ta ji wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, tim. Ta ɗauka birai ne, don sun saba jifa idan suna neman tsokana. Amma rassan shiru suke, ko ganye ba ya motsi. Abin ya gangaro ya faɗi kusa da ƙafarta. Ɗan dutse ne, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali an manta rabon da a ga hadari.

Amarya ba sabuwar aure ba ce, sunan ne ya bi ta, saboda har yau idan baƙo ya yi sallama sai ta sunkuyar da kai. Mijinta kuwa Mai Awo ake ce masa. Ma'aikacin tashar bincike ne a bakin kurmi, inda hanyar mota ta ƙare. Kullum yana tafki: ya duba sandar da ke nuna zurfin ruwa, ya ɗebo ruwa a kwalabe, ya ƙirga tsuntsaye da sawun dabbobin da ke zuwa sha. 'Yarsu guda, siririya, kullum tana biye da uban, shi ya sa ake kiranta Balbela. Akwai ƙaninta, amma ya koma tun bai fara dariya ba, an binne shi a garin da suka baro. Ba a maganarsa a gidan.

Tafkin yana janyewa. Wasu masu babbar gona suna so su karkatar da rafin da ke ciyar da shi, sun ce ai kududdufi ne na jiya jiya, da ma zai ƙafe. Don a ƙaryata su, Mai Awo da abokan aikinsa suka aro na'ura daga nesa, suka shiga tsakiyar ruwa a kan kwalekwale, suka soka dogon bututu har ƙasa, suka zaro laka. Na'urar ta koma wurin masu ita. Firijin tashar kuma ya lalace, sai ya kawo bututun gida, naɗe da leda, ya kwashe kayan miyarta daga firijinsu ya kwantar da shi a ciki.

"Wasu mazan kifi suke kawowa daga tafki," ta ce a hankali, "nawa taɓo."

Ya yi dariya. "Raina kama ka ga gayya. Wannan taɓon ya girmi kakan kakanki. Hawa hawa yake, kowace shekara da nata shimfiɗar. Idan aka kai shi aka auna, hukuma ba za ta bari a taɓa rafin ba. Shi kaɗai ne shaidarmu."

Tun daga ranar magariba ta canza a gidan. Da rana ta fara faɗuwa sai jifa, ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya. Ɗakin girki ya ɗauki ƙarnin tafki. Ruwa yana tsatsafowa daga ƙasan firiji, Mai Awo ya ce robar ƙofarsa ce ta saki. Amarya ta goge da tsumma, ta ji ruwan da ɗumi. Ta ɗanɗana a bakin yatsa, gishiri gishiri. Ta san wannan ruwan, ta sha haɗiye irinsa.

Sai abin ya taɓa Balbela. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma zaman gaban firiji, ta jingina kunci da ƙofarsa, tana jijjiga jiki gaba da baya, tana wani gunji a maƙogwaro irin na mai lallashin jariri. Ta daina cin abinci sai ruwa, tana sha kamar ana zubawa a rairayi. An kai ta wurin likitan tashar, ya auna ya sake aunawa, bai ga komai ba. Kullum tana ramewa, har wuyanta ya fara gaza ɗaukar kanta.

Wata yamma uban ya sunkuya zai ɗauke ta daga wurin. Ta juyo ta dube shi da idanun da ba nata ba.

"Kada ka taɓa ni, ɓarawon kabari."

Muryar tsohuwa ce, a dishe. Mai Awo ya ja baya har ya buge kujera. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya tafi ƙauyen da ke gefen kurmi ya zo da Malam, wani tsoho mai ilimi da ake kai wa irin wannan lalura.

Malam ya zauna a kan tabarma, ya nemi ruwa a kofi. Ya daɗe yana karatu, muryarsa ƙasa ƙasa, hasken taga yana raguwa. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano, sannan suka tsaya cak. Ya shafa wa yarinyar ruwan a goshi.

"Baiwar Allah, wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ɗumi gare ta, shi ya sa."

"To ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Ni ce ta cikin tafki," muryar ta ce. "Ba ni da faɗa da kowa. Sun ɗebi ruwana a kwalabe, na yi shiru. Sun sa wa tsuntsayena zobe a ƙafa, na yi shiru. Sun kafa sanda suna auna mutuwata, na yi shiru. Dangina duk sun tashi da ruwa ya fara baya, ni na zauna, don ɗana yana kwance a tsakiya, inda ya fi sanyi. Nan suka soka ƙarfensu. Ga shi can a cikin akwati, tare da ragowar miya."

Amarya ta toshe baki da gefen mayafi.

Mai Awo ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba. Amma ki saurare ni, Iya. Don tafkinki na yi. Idan lakar nan ba ta je awo ba, za su ɗauke rafin, ke ma ki rasa wurin zama."

"Awon naku, yaya ake yinsa?"

Ƙarya ba halinsa ba ce. "Yankawa ake yi siriri siriri. A busar. Wani a ƙona."

Bakin Balbela ya buɗe, wani kuka ya fito wanda ya fi ƙarfin ƙirjinta.

"To ki bar mini rabi," ya ce da sauri. "Rabi kawai ya isa."

"Na yarda," in ji muryar. "Ni ma sai in bar maka rabin 'yarka. Zaɓi, sama ko ƙasa?"

Malam ya dubi Mai Awo, bai tsawata ba. "Ɗana, niyyarka mai kyau ce. Amma ba a yi wa mutum alheri da gawar ɗansa."

Mai Awo ya sa kai a tsakanin gwiwoyi. Aikin shekaru ne a cikin ledar nan, da ran duk abin da ke sha a tafkin. Da ya ɗago, fuskarsa a jiƙe take.

"Za a mayar. Duka."

"Kin ji," Malam ya ce. "Sai ki yi alkawari ki fita, ba dawowa."

"Na yi. Amma ba shi zai ɗauko ba, hannunsa na awo ne." Idanun suka juya a hankali suka sauka kan Amarya. "Waccan. Ita ta san yadda ake ɗauka."

Amarya ba ta taɓa magana a gaban baƙon namiji ba sai gaisuwa. Ta ji bakinta ya buɗe da kansa. "Idan ruwan ya ƙafe fa, Iya? Ina za ki?"

"Irinmu ba ma zama a busasshen wuri. Zan bi dangina." Muryar ta karye. "Shi ne ba zai iya tashi ba. Rana za ta same shi."

"Zan riƙa duba miki shi," in ji Amarya.

Balbela ta yi atishawa, ta sulale a cinyar uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, da 'yar muryarta, "Umma, yunwa."

Washegari Amarya ta cire ledar, ta naɗe bututun da farin zanen da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, wanda ba ta samu ta goya ɗanta da shi ba. Ta rungume shi a ƙirji, Mai Awo yana tuƙa kwalekwale. A tsakiya ta zura hannu cikin ruwa har kafaɗa, ta saki. Ta ji an karɓa.

Hukuma ta zauna ba shaida, aka ba masu gona rafin. Tsuntsaye suka fara tafiya, sannan sawun dabbobi ya ɗauke. Mai Awo bai fasa zuwa duba sandarsa ba, har ranar da ya same ta tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Balbela ta yi ƙiba, ta koma surutunta, ba ta tuna komai.

Wata magariba dutse ɗaya ya faɗo kan kwano. Amarya ta fita ta ɗauka. A bushe yake, da sauran zafin rana a jikinsa. Ba a sake jifa ba.

Tun daga nan, idan rana ta yi sanyi, sai ta cika buta ta bi ta cikin tafkin da ƙafa, ƙasa tana ƙaras ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ko'ina ya tsattsage sai wuri ɗaya a tsakiya, kamar faɗin tabarmar jariri. Nan take durƙusawa ta zuba ruwan a hankali, don kada ya farka.